Takardar da Aka Yage wa Kai

Litinin, 4 ga Satumba, bayan sallar Azahar

Tabarau na shiga nema a ɗakin matata Hajaratu, ita kuwa ta fita barka gidan maƙwabta. Na ɗaga murfin wata tsohuwar samira a cikin kabad, sai ga takarda an ninke ta gida huɗu. Irin wadda aka ba ni ce a asibiti ranar 21 ga Agusta, ranar da ɗiyata Zuhura ta kai mu awon binciken hawan jini da take aikin nas a cikinsa. Tambari ɗaya, kwanan wata ɗaya, rubutun hannu ɗaya. Amma an yage kanta, wurin da ake sa suna da shekaru da tsawon mutum.

Awon ba irin wanda aka saba ba ne. Bayan an ɗaure maka damtse an hura, sai a ɗora wani abu kamar biro a wuyan hannunka, na'ura ta fitar da ƙarfin jini a babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Sun ce can ne ainihin nauyin da zuciya ke ɗauka.

Na kwafe duka biyun a nan.

Wadda Zuhura ta miƙo mini tana murmushi: damtse 138 bisa 82, babbar jijiya 124 bisa 83, bugun zuciya 74.

Ta cikin samira: damtse 172 bisa 88, babbar jijiya 166 bisa 89, bugun zuciya 61.

Mu biyu muka je ranar. Hajaratu ta ce ita ba a auna ta ba, layin mata ya yi tsawo, ta gaji ta fito. To, mutum ɗaya aka auna, takarda biyu. Shekara talatin da biyu ina koyar da lissafi a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, ban taɓa ganin tambaya ɗaya mai amsa biyu ba, sai in ɗayar ƙarya ce.

Na mayar da ita yadda na same ta.

Talata, 5 ga Satumba, da hantsi

Miyar yau lami. Tun abin da ya same ni bara ake rage mini gishiri, amma da can tukunya biyu ake ɗorawa, tawa da ta gida. Yanzu ɗaya ce. Na tambayi Hajaratu, ta ce, "Malam, girki biyu ga mutum biyu wahala ta. Na koma cin irin naka."

Shekara guda tana girki biyu ba ta ce wahala ba. Ina jin an ce mata kada a bar ko ƙwayar gishiri a gidan ne, don kada in faki idonta in ɗiba.

Laraba, 6 ga Satumba, bayan La'asar

Zuhura ta zo. Zuwa na huɗu ke nan a cikin kwana tara, ita da ke yin mako biyu ba mu ga ƙeyarta ba saboda aiki da yara. Ta durƙusa ta gaishe ni a zaure, "Baba, ya jiki?" Na ce jiki kuma? Ta ce a'a, gaisuwa ta kawai. Ta wuce ɗakin uwarta, aka sakaya ƙofa.

Na zagaya ta wajen randa kamar zan sha ruwa. Abin da na tsinta: "Sakkwato." Da kuma, "kar shi ji tukuna." Sai muryar Hajaratu, ƙasa-ƙasa, "Ki bari ni san yadda zan yi da shi."

Yadda za ta yi da ni.

Da Zuhura ta fito idonta ja. Ta ce hayaƙin murhu ne. Gas muke girki da shi tun bara waccan.

Alhamis, 7 ga Satumba, da safe

Hannun hagu ya yi nauyi da na tashi. Ko kuwa a kansa na kwana. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 9 ga Satumba, bayan Azahar

Na tare Zuhura a zaure kafin ta shige. Na ce ta zauna. Na fito da takardata na ce, "Wagga tawa ta?"

Ta karɓa ta duba. "Taka ta, Baba. Ga sunanka, ga shekarunka."

"Suna ba ya da wuyar rubutawa."

Ta ɗago ta dube ni. "Baba, mi kaka nuhi?"

Na ce ina nufin lokacin da abin bara ya same ni, sai da na kwana uku a gadon asibiti kafin wani ya gaya mini sunan ciwon. Kowa na cewa gajiya ce, alhali bakina ya karkace, ina ganinsa a gilashin taga. Na ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ta ce, "Wallahi, Baba, lambobinka na. Ni da hannuna nir rubuta su."

Ta rantse a kan wannan takardar. Ban tambaye ta ɗayar ba, ita ma ba ta kawo zancenta ba. Mai rantsuwa in ya iya, ya san inda zai tsayar da ita.

Lahadi, 10 ga Satumba, bayan Magariba

Hajaratu a zaune ta yi sallah. Ta ce gwiwa. Na ce ta shafa man zafi, na koma kan abin da ke gabana.

Na fara rubuta wasiyya. Littattafaina na makarantar da na fara koyarwa a Argungu ne. Na kasa wuce layi na biyar.

Talata, 12 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Na hau kabu-kabu daga unguwarmu Badariya, nan Birnin Kebbi, na je asibitin ni kaɗai, ban faɗa wa kowa ba. Na zaɓi yau don na san Zuhura na tare da masu binciken da ke fita ƙauye. Na nemi Likita Abdulƙudus, mai jagorantar binciken. Saurayi ne a kaina, mai ladabi fiye da kima. Na ce ina son a sake auna ni, a gabana, fuskar na'urar tana kallona.

Ya yi murmushi ya ce babu laifi. Ya sa na huta minti goma, aka auna. Damtse 140 bisa 83, babbar jijiya 127 bisa 84, bugu 76.

Na ce ya bayyana mini, me ya sa lambar ciki ta fi ta damtse ƙanƙanta, alhali ita ke kusa da zuciya? Ya ce, "Malam, ka san ruwa in ya fito daga faffaɗan gulbi ya shiga matsattsen rafi, igiyarsa kan ƙara tsawo. Haka bugun jini yake. Yana tafiya zuwa hannu, lambar sama na ƙaruwa. Ta ƙasa kuwa kusan ba ta motsi, ɗaya ko biyu."

Na ce, to wannan tazarar, iri ɗaya ce ga kowa?

Ya ce a'a, shi ne ma abin da suke bincike, yadda lambobin ke bin juna a jikin manya. Ya ce ba su gama tattarawa ba.

Sai na buɗe wannan littafin, na rufe sauran rubutun da tafin hannu, na nuna masa lambobin samira. Ya daɗe yana kallo. Murmushin ya ɗauke.

"Ina ka samu waɗannan?"

"A gidana."

"Malam, ba na iya magana a kan takardar da ba suna."

"Mai waɗannan lambobin, yana cikin hatsari?"

Ya gyara biro a aljihunsa. "Mai su yana buƙatar a duba shi da kyau. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Ya rako ni har bakin ƙofa. A cikin minti goman da aka bar ni in huta, ya fita da waya a hannu. Wa ya kira? Kuma na'urar da mutum ya saita, me zai hana a saita ta ta faɗi abin da ake so?

Laraba, 13 ga Satumba, da safe

Ban ci ɗumamen ba. Hajaratu ta tsaya a kaina da kwano, na ce ba na ci. Ta ce, "Malam, maganinka ba a shan shi da yunwa." Na ce wanda ake wa ƙarya a gidansa bai san abin da ake zuba masa a kwano ba.

Ban taɓa gaya mata magana irin wannan ba a shekara arba'in da ɗaya. Ta ajiye kwanon a hankali, ta dafa bango, ta tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ta koma ɗaki.

Ta iya nuna an ɓata mata rai. Ni aka ɓoye wa magana, amma ni ne mai laifi.

Alhamis, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Na samu dabara. In lambobin nan na bin juna, kamar yadda likitan ya ce, to suna da ƙa'ida, kuma takardar jabu za ta karya ƙa'idar. Yaro in ya ƙirƙiro amsa bai yi aikin ba, daga tsakiyar lissafin ake kama shi. Masu binciken sun je Argungu da Gulma a watan jiya, sun auna mutane da yawa. Abokina Yari, wanda muka yi wasan ƙasa tare, yana cikinsu. Takardun mutanen da ba ruwan kowa da su nake so, waɗanda ba wanda ya damu ya yi musu ƙarya.

Na ce wa Hajaratu gobe zan je gaida Yari. Ta ce Allah shi kiyaye hanya. Har na ga kamar ta ji daɗi. Za su samu fili.

Jumma'a, 15 ga Satumba, Argungu, bayan Isha'i

Ruwa ya cika fadama tun daga Ambursa, shinkafa ta yi kore shar, wani wurin kan ta kaɗai ake gani. Na iske Yari a bakin gulbi yana ɗinkin homar kamun kifi. Ya tsufa amma yana nan zanƙalele kamar gora, tsawonmu ɗaya tun muna yara. Yana hango ni ya kira ni da sunan ƙuruciya.

"Dankure! Wace iska tak kawo ka? Ko biro ya ƙare, ka dawo kamun kihi?"

Na gaya masa abin da nake so, ban gaya masa dalili ba. Ya yi dariya har da tari. "Kai har yanzu ba ka bar maki ba? Takardar tana nan, uwargida Laure ta naɗe daddawa da ita ko ta aje, ban sani ba."

Bayan an sauko daga masallaci ya zagaya da ni gida-gida. Mutanen gari ba su fi ni yarda ba. Wani ya ce ko gwamnati ta aiko ni. Wata tsohuwa ta ce ba ta nuna wa kowa sirrin jininta. Yari na cewa, "Malamin makaranta na, shi ya koyar da ɗiyanku, ba shi cin kowa." Zuwa Magariba na kwafi takarda goma sha tara, da shekaru da tsawon kowa.

Laure, matar Yari, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Da gishirinta. Na ci har na manta ni mai mutuwa ne. Gajera ce ƙwarai, in ta tsaya kusa da mijinta da ƙyar take kai ƙirjinsa. Ta tambaye ni, "Ya Hajiya? Rannan da munka yi waya na ji muryarta ba daɗi." Na ce lafiyarta lau, gwiwa ce kawai.

Asabar, 16 ga Satumba, da hantsi

Yari ya ɗauke ni a babur zuwa Gulma, muka ƙaro takarda bakwai. Ashirin da shida ke nan.

A hanya ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya ya kashe babur. "Dankure, gaya min gaskiya. Mi as same ka?"

Na gaya masa. Takarda biyu, ƙofa a rufe, Sakkwato, likita da wayarsa.

Ya ce, "Mu in munka ga ruwa na motsi, ba mu cewa kada na sai mun ga baya nai. Wani lokaci kihi na, wani lokaci iska."

Na ce ni ma bayansa na zo gani.

Lahadi, 17 ga Satumba, Birnin Kebbi

Na dawo. Na iske an kwashe tabarmar Hajaratu daga tsakar gida, an shimfiɗa mata katifa a falo, wai ɗaki zafi. Ana damina.

Litinin, 18 ga Satumba, bayan Azahar

Na ja layuka a babbar takarda, na jera mutum ashirin da shida. Abin da na gani zuwa yanzu:

Lambar ƙasa ta damtse da ta babbar jijiya kusan tagwaye ne ga kowa. Bambancin ɗaya, wani lokaci biyu. Likitan bai yi ƙarya a nan ba.

Lambar sama ce ke rabuwa. Ta damtse kullum ita ce babba, babu ko mutum ɗaya da ya saɓa. Amma tazarar ta bambanta. Zulkifli, ƙanen matar Yari, masunci ɗan shekara talatin da ɗaya, 128 a damtse, 108 a ciki, tazara ashirin. Yari 131 da 118, sha uku. Laure 142 da 135, bakwai.

Na gwada takardata ta farko. 138 da 124, sha huɗu. Ta ƙasa 82 da 83. Ba ta karya komai ba. Ta biyu da aka yi a gabana, sha uku. Ita ma.

Wanda ya san aikin zai iya ƙirƙiro lambobin da ba su karya ƙa'ida ba. Zuhura ta san aikin.

Talata, 19 ga Satumba, da safe

Hajaratu ta ce ranar Litinin za su je Sakkwato ita da Zuhura, wai jikar Goggo Ummu Hani ta haihu, za a yi suna. Na ce wace jikar? Ta yi jim, ta faɗi wani suna. Na ce ni fa? Ta ce, "Hidimar mata ta, Malam, kuma tahiya ba ta yi maka kyau."

Na gane. Za su kai wa manyan likitoci takardata su ji kwana nawa suka rage mini, ni ina nan ina gadin gida.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sake jera su, wannan karon daga mai babbar tazara zuwa mai ƙarama.

A sama, samari da dogayen maza. A tsakiya, mu dattawa dogaye, ni da Yari da ire-irenmu, daga sha ɗaya zuwa sha biyar. A ƙasa can, masu tazarar biyar, shida, bakwai, takwas, mutum tara ne. Takwas daga cikinsu mata ne da suka manyanta, gajeru. Na taran wani tsoho ne na Gulma, shi ma gajere, zuciyarsa na bugawa a hankali.

Sai na ɗauko lambobin samira don in ga inda za su faɗa. 172 a cire 166.

Shida.

Ni dogo ne, ƙofar ɗakina sai na sunkuya. Bugun zuciyata tun bara ake rubuta shi a katin asibiti, bai taɓa sauka ƙasa da saba'in ba. Na takardar sittin da ɗaya ne.

Na sake lissafin sau uku, kamar cire shida daga lamba na buƙatar sau uku. Mutum ashirin da shida ba hujja ba ce, na sani, da ɗalibi ne ya kawo mini da na ce ya ƙaro. Amma mu biyu muka je ranar.

Hajaratu na tsakar gida yanzu tana tsintar shinkafa. Ina hango ta ta taga. Ƙafafunta ba su kai ƙasa daga kan kujerar roba ba.

Laraba, bayan La'asar

Na koma baya na karanta abin da na rubuta tun ranar huɗu ga wata. Komai yana nan, da hannuna na rubuta shi. Har abin da na gaya mata ranar sha uku, da yadda ta dafa bango.

Alhamis, 21 ga Satumba, bayan Azahar

Na je gidan Zuhura a unguwar Gesse, na same ta ta dawo daga aiki. Ban zauna ba. Na ce, "An auna Innarki ranar nan."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Na ce kada ta rantse, ta riga ta yi rantsuwa ɗaya ta gaskiya, ta bar ta a haka.

Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce an auna ta. Likita ya ga lambobin ya sa aka yi mata hoton zuciya washegari, ranar da aka ce mini sun je kasuwa. An ga wani abu a hoton, a bakin babbar jijiyar, ya fi yadda ya kamata faɗi. Ba su da tabbas sai an yi babban hoto a Sakkwato. An ɗora ta kan magani tun ranar.

"Ita tac ce kar a gaya maka, Baba. Ta ce in ka ji, naka zai tashi, abin bara shi dawo, ta rasa wanda za ta yi jinya, kai ko kanta. Ita tay yage sunan. Na ce ta ƙone takardar, ta ce ba ta ƙona abin da likita yab ba ta."

Na ce wa kuma ya sani?

"Yaya Taufiq na Kaduna. Da likita. Shi ke nan."

"Ranar da na je asibiti, ke ya kira?"

"Ni yak kira. Ya ce mahaihinki na nan, in auna shi? Na ce ka auna shi, ka nuna mai komi."

Na ce ta yafe mini zargin da na yi mata. Ta ce, "Haba Baba." Na ce kada ta gaya wa uwarta na sani. Ta share ido ta dube ni, har ta ɗan yi dariya. Ta ce, "Ku biyun nan za ku kashe ni."

Har yanzu ban tabbata ta gaya mini duka ba. "Ya fi yadda ya kamata faɗi." Da nawa?

Jumma'a, 22 ga Satumba, da safe

Na cinye kunun tas, na ce ya yi daɗi. Hajaratu ta dube ni da zargi.

Asabar, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Na riga ta ɗaukar bokiti. Na riga ta zuwa shanya. Da ta tashi za ta kawo mini buta na ce ta zauna, ƙafafuna na buƙatar motsi, likita ya ce. Ta ce wane likita? Na ce wani.

Ta bi ni da kallo har zaure. Ɗazu na ji tana waya da Zuhura: "Babanki ya canza. Ki zo ki auna shi, ina tsoron ko abin na son dawowa."

Sau biyu na so in ɗauko zancen ranar sha uku, na fasa. In na roƙi gafara za ta tambayi abin da ya sauya.

Litinin, 25 ga Satumba, Sakkwato, bayan Magariba

Da mijin Zuhura ya kawo mota bayan sallar Asuba, ya iske ni a ƙofar gida da jakata da sandata. Na buɗe baya na shiga na zauna. Hajaratu ta fito da mayafi, ta tsaya.

"Malam, ina za ka?"

"Suna. An ce jikar Goggo ta haihu."

Ta dubi Zuhura, Zuhura ta dubi taya. Ta shigo ta zauna a gefena. Muka wuce Ambursa, muka wuce Argungu, gulbi na ta sheƙi a hagu. Sai da muka yi nisa ta yi magana, idonta na kan taga.

"Yaushe ka gane?"

"Laraba."

"Wa yag gaya maka?"

"Ba kowa. Tazararki shida ce. Tawa sha huɗu."

"Mi ke nan?"

"Ke gajera ce."

Ta juyo ta dube ni kamar na zage ta. Sai dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ƙirji, Zuhura na cewa daga gaba, "Inna, a hankali." Da ta lafa na ce, "Hajiya, maganar da nig gaya miki ranar nan a kan kwano." Ta ɗaga hannu. "Na yahe tun ranar. Na san tsoro na." Na ce ni ban yafe yagar takarda ba tukuna. Ta ce in jira mu ga abin da hoto zai ce, in ciwon ya yi nisa sai in yi saurin yafewa.

An yi hoton da rana. Gobe za a gaya mana.

Talata, 26 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Da aka kira sunanta, nas ta ce mutum ɗaya zai shiga da ita. Zuhura ta miƙe. Hajaratu ta ce, "Zauna. Malam za shi shiga."

Babban likitan ya juyo mana da hoton. Ya ce jijiyar ta buɗe fiye da kima, amma ba ta kai inda ake yin aiki ba. Magani, a riƙe jinin a ƙasa, ba ɗaukar kaya, ba tashin hankali, a dawo bayan wata shida a sake aunawa. Na ce da nawa ta buɗe, kuma a nawa ake yin aiki? Ya faɗa. Na ce ya rubuta mini. Ya rubuta. Na ce ya sa suna a sama, cikakke, da sa hannunsa.

Ya dubi Hajaratu ya ce, "Hajiya, maigidan naki lauya ne?"

Ta ce, "Ya fi lauya, likita. Ka dai rubuta."

Ina kallon fuskarsa duk lokacin da yake magana. Sau ɗaya ya kauce wa idona, wajen "wata shida". Watakila agogon bango ya duba. Na tambayi Hajaratu da muka fito ko ta lura, ta ce ita yunwa take ji, in nemo mata fura marar sukari, kuma in bar bawan Allah ya yi aikinsa.

Na tafi neman furar.